HOTON ƘIRJI, SIKANIN KO SITI: WANNE YA DACE DA YARO MAI TARIN DA YA ƘI ƘAREWA?

(Wannan shi ne jawabin da wani likitan yara, ɗan unguwarmu ta Sabo, Ibadan, ya gabatar a taron iyaye da kwamitin lafiya na ƙungiya ya shirya. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗa, da ɗan gyara kaɗan, domin amfanin waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Kwamitin lafiya ya nemi in yi bayani a kan hotunan da ake ɗaukar yara da matasa a asibiti idan tari ko ciwon numfashi ya ƙi ƙarewa. An gaya mini ƙorafi iri biyu ne ke yawo a unguwa. Wasu na cewa sun kai yaro asibiti, likita bai ko sa a ɗauki hoto ba ya rubuta magani, ashe ke nan bai duba shi sosai ba. Wasu kuma na cewa an sa su hoto sau uku sau huɗu, kuɗi sun tafi, kullum amsa ɗaya ce, wai ba a ga komai ba, alhali yaro na nan yana tari dare da rana. To, abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne, kowace na'ura da irin tambayar da take iya amsawa. Idan aka yi mata tambayar da ba tata ba, kuɗi ne kawai za su salwanta, ciwo kuma ya ci gaba da cin yaro.

YADDA HUHU YAKE

Bari mu fara da fasalin huhu. Ku ɗauka itace ne aka kife shi, gindi a sama, rassa a ƙasa. Maƙogwaro shi ne gangar itacen. Idan ya shiga ƙirji sai ya rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sa'an nan kowanne ya yi ta rabuwa fiye da sau 20, har a kai ga 'yan rassa masu siririn gashi, waɗanda ke ƙarewa da 'yan jakunkunan iska, miliyan ɗari-ɗari. Waɗannan rassa su ne hanyoyin iska, kuma ciwonsu ne maganarmu ta yau. Huhun yaro yana ci gaba da girma har ya wuce shekara 20, shi ya sa ɓarnar da aka bari ta zauna tun yana ƙarami take bin mutum har tsufa.

A cikin yaranmu, abubuwa huɗu ne suka fi jawo tarin da ke daɗewa. Na farko asma, wadda tsofaffi ke kira fuka. Na biyu tarin fuka, wanda zan riƙa kira tibi don kada mu rikita su. Na uku wani ciwo da turawa ke kira buronkiyektasis, watau hanyoyin iska su buɗe su saki kamar tsohon tiyo, majina ta riƙa taruwa a ciki tana ruɓewa. Shi wannan yakan biyo bayan ciwon haƙarƙari mai tsanani, ko ƙyanda, ko tarin shiƙa, ko tibi. Na huɗu kuwa abin da yaro ya shaƙa ya maƙale masa, kamar gyaɗa ko murfin biro. Yanzu sai mu ɗauki na'urorin ɗaya bayan ɗaya mu ga wace ce ke ganin wanne.

HOTON ƘIRJI

Wannan shi ne wanda kowa ya sani, eksire. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano haskensa a shekarar 1895. Hasken na ratsa jiki ya faɗa a kan faifai, ƙashi ya fito fari, iska ta fito baƙa, ruwa da tsoka su fito toka-toka. A taƙaice inuwa ce, kamar ka haska tocila a kan itace ka dubi inuwarsa a bango. Za ka ga ganga da manyan rassa, amma abin da ke gaba da abin da ke baya duk sun haɗe wuri ɗaya, ƙananan rassa kuwa sun ɓace.

Hoton ƙirji yana da araha, ana gama shi cikin 'yan mintoci, kuma ana samunsa kusan ko'ina. Yana nuna ciwon haƙarƙari, da ruwa ko mugunya da suka taru a gefen huhu, da ɓangaren huhun da ya motse, da zuciyar da ta kumbura, da alamun tibi. Saboda haka duk yaron da ya yi sati 4 yana tari kullum, ya kamata a ɗauke shi wannan hoton sau ɗaya a matsayin matakin farko.

Amma ga inda rikici yake. Hoton ƙirji ba ya nuna asma. Ita asma matsewa ce da kumburi a bangon ƙananan rassa, tana zuwa tana tafiya, kuma mafi yawan yara masu asma hotonsu lafiya lau yake fitowa. Ana gane ta ne daga labarin da iyaye suka bayar, watau tarin dare ko na asuba, numfashi mai fito, haki idan an yi ƙwallo, tashin ciwon idan an shaƙi ƙura, hayaƙin janareta, maganin sauro na kunnawa ko turaren wuta. Sa'an nan akwai gwajin busa, inda yaro ke hura iska da ƙarfi cikin wata 'yar na'ura, a shaƙa masa magani, ya sake hurawa a ga ko hanya ta buɗe. Yaro mai shekara 5 ko 6 yakan iya wannan gwajin. Don haka, Hajiya, in likita ya ce asma ce bai sake sa hoto ba, ba ƙyuya ya yi ba. Kuma ba duk ranar da asma ta tashi ake ɗaukar sabon hoto ba, sai dai in akwai zazzaɓi mai zafi, ko ciwon ƙirji a gefe ɗaya, ko magani ya ƙi aiki.

MAGANAR TIBI

A nan zan ɗan daɗe, domin ya shafe mu ƙwarai. Kun san yadda muke zaune, ɗaki ɗaya mutum da yawa, ga baƙi da fatake masu sauka a gidajenmu kamar yadda aka saba tun kafuwar Sabo. Babban mutum ɗaya mai tibi da ba a gano ba yana iya shafa wa yaran gida. Shi kuma ƙaramin yaro ba ya iya kakaro majina, haɗiye ta yake yi, don haka hoton ƙirji ke da muhimmanci a gare shi. Abin da likita ke nema shi ne kaluluwa da ta kumbura a gindin huhu, kuma wani lokaci yakan sa a ɗauka ta gaba da ta gefe domin ta fi fitowa.

Duk da haka hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai gwajin da ake kira GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a shekarar 2010. Yana gano ƙwayar tibi cikin kamar awa 2, ya kuma faɗa ko irin mai taurin kai ce. Ga yaran da ba sa iya ba da majina, ana iya yin gwajin da kashinsu, tun da majinar da suka haɗiye ta nan take fita. Gwajin da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati.

Daɗin daɗawa, a shekarar 2022 hukumar ta ba da shawara cewa yaro daga wata 3 zuwa shekara 16 wanda tibinsa bai yi tsanani ba, ana iya yi masa magani na wata 4 maimakon wata 6. To, da me ake gane mai tsanani da mara tsanani? Babban abin dubawa shi ne hoton ƙirji. Kun ga a nan hoto ya yi aikinsa.

Matasa, ku saurara. Akwai wanda zai gama maganin tibi ya warke, amma tari bai daina ba, saboda ciwon ya bar tabo a huhu. Tabon nan ba ya gogewa daga hoto. Sai saurayi ya tafi neman kuɗi Legas ko Fatakwal, ko ya koma gida Arewa, a ɗauke shi sabon hoto, a ga tabo, a ce tibi ne, a sake ɗora shi a kan magani na wata 6 ba tare da gwajin majina ba. Alhali mai yiwuwa hanyoyin iska ne suka lalace, ko kuma wata fumfuna ce ta shiga ramin da tibi ya bari, kuma kowannensu maganinsa daban. Abin da ke warware wannan shi ne gwajin majina, da kuma tsohon hoto a ajiye shi kusa da sabo a gwama.

HOTON SITI

Shi siti da hasken eksire ɗin nan yake aiki, sai dai na'urar tana kewaya mutum tana ɗauka ta kowane ɓangare, kwamfuta ta haɗa. In hoton ƙirji inuwar burodi ce, to siti yanka burodin ne fale-fale, ka ɗauki kowane yanki ka duba cikinsa. Wani injiniya ɗan Ingila, Hounsfield, shi ya ƙirƙiro ta, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971. Abin alfahari, na'urar siti ta farko a Nijeriya nan maƙwabtanmu aka girka ta, a asibitin koyarwa na UCH, a shekarar 1987.

Siti ne kaɗai ke tabbatar da buronkiyektasis. Kowace hanyar iska tana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da jijiyar jininta, kuma a huhu mai lafiya hanyar iskar ba ta fin jijiyar faɗi. In aka ga ta fi ta, ga bango ya yi kauri, to an gano ciwon. Hoton ƙirji sau da yawa ba ya ganin haka sai abu ya yi nisa. Wannan ne amsar masu cewa an ɗauka sau huɗu ba a ga komai ba. Maimaita inuwa sau goma ba zai nuna abin da ke cikin burodi ba.

To wane yaro ne ya kamata a yi wa siti? Yaron da ke da jiƙaƙƙen tari, watau mai majina, kullum fiye da sati 4, an tabbatar ba tibi ba ne, an ba shi maganin ƙwayoyin cuta na sati 2 zuwa 4 bai daina ba, ko ya daina ya yi ta dawowa. Ko yaron da ciwon haƙarƙari ke kama shi a wuri ɗaya sau da sau. Ko wanda kan yatsunsa suka kumbura, farce ya tanƙware kamar bayan cokali. Ko mai tarin jini. Ko wanda aka ce asma ce, yana shaƙar maganinsa daidai amma babu sauƙi, ga rama. Irin wannan yaron kada a ja masa lokaci. Likitocin huhun yara sun gano cewa in an kama ciwon da wuri, aka dage da magani da bubbuga ƙirji don fitar da majina, hanyoyin na iya komawa daidai, abin da ba a cika samu ga manya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗaukar siti 'yan daƙiƙoƙi ne, amma dole yaro ya kwanta bai motsa ba, babba kuma ya riƙe numfashi. Ƙananan yara wani lokaci sai an ba su maganin barci. Wani lokaci kuma akan yi allurar wani ruwa a jijiya don ya fito da hanyoyin jini, saboda haka in yaro na da ciwon ƙoda, ko jikinsa ya taɓa ƙin wata allura, a faɗa tun da wuri.

MAGANAR HASKE DA HAƊARINSA

Na san wasu za su ce, tun da siti ya fi gani, me zai hana a fara da shi? Dalili biyu ne. Kuɗinsa ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa, sa'an nan haskensa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ku sani kowannenmu yana shan irin wannan haske kullum daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, kimanin milisibat 2 zuwa 3 a shekara, milisibat shi ne ma'auninsa. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.1 ba, kamar abin da mutum zai sha a kwana 10 yana zaune a gida. Siti na ƙirji irin na manya kuwa yakan kai wajen 6, watau kamar na shekara 2.

Jikin yaro ya fi na babba jin wannan haske, domin yana cikin girma, kuma shekarun da ke gabansa sun fi yawa. Wani babban bincike da aka buga a Ingila a 2012, a kan yara da matasa kusan dubu 180, ya nuna cewa yawan siti yana ɗan ƙara haɗarin kansar jini da ta ƙwaƙwalwa. Ƙarin kaɗan ne ƙwarai, kamar yaro ɗaya cikin dubu 10 da aka yi wa siti na kai, amma ya isa a ce kada a yi shi don marmari. Ana iya rage hasken na'ura daidai da nauyin yaro, har ya sauko ƙasa sosai, kuma hoton ya fito yadda ake so. Haƙƙinku ne ku tambaya ko a wurin suna saita na'ura don yara. In kuwa likita ya ce ana bukatarsa saboda alamun da na lissafa, to haɗarin barin huhu ya ruɓe ya fi na hasken girma. Kada tsoro ya hana ku.

SIKANIN DA EM-AR-AI

Sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, da sauti yake aiki, babu haske ko kaɗan, kuma ana iya yinsa yaro na kan cinyar uwarsa. Yana da kyau wajen ganin ruwa ko mugunya a gefen huhu, da ciwon haƙarƙari da ke kusa da fata. Amma sauti ba ya ratsa iska, don haka ba ya ganin hanyoyin da ke can ciki. Wanda ya ce zai gano muku asma da sikanin, ku riƙe kuɗinku.

Em-ar-ai kuma da maganaɗisu yake aiki, shi ma babu haske. A Turai, wasu manyan asibitoci na amfani da shi wajen bibiyar yara masu ciwon huhu na gado waɗanda ke bukatar hoto a kai a kai. Sai dai yana ɗaukar lokaci mai tsawo, ga ƙara, ga tsada, kuma bai kai siti nuna ƙananan rassa ba. A halin da muke ciki ba shi ne abin nema na farko ba.

ABIN DA YARO YA SHAƘA

Iyayena mata, wannan naku ne. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 yana cin gyaɗa ko aya, ya ƙware, ya yi tari kamar zai shiɗe, sa'an nan ya lafa. Bayan sati biyu sai tari da fito a gefe ɗaya. Gyaɗa ba ta fitowa a hoto, roba ma haka, ƙarfe ne ke fitowa. Hoton na iya nuna gefe ɗaya ya cika da iska ko ya motse, yana kuma iya fitowa sumul. Abin da ke ceton yaron nan shi ne labarin da uwa ta bayar. In kika ce ya taɓa ƙwarewa rana kaza, likita zai nemi a zura ɗan bututu mai fitila ta maƙogwaro, a ga abin a ciro shi. In kika ɓoye don tsoron faɗan maigida, ana iya yin watanni ana maganin asma, ɓangaren huhun yana lalacewa. Ku kuma iyaye maza, ranar ba ranar faɗa ba ce.

SHAWARWARI KAFIN MU TASHI

Na ɗaya, kada ka kai yaro ɗakin hoto da kanka, ko don mai kemis ya ce, ba tare da likita ya duba shi ya rubuta abin da yake nema ba. Ka yi wa likita tambaya uku cikin ladabi: me ake nema a hoton nan, sakamakon zai canza maganin ko kuwa, kuma akwai wanda ba shi da haske da zai wadatar? Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, a je wurin da ke da lasisi da ƙwararren ma'aikaci, a kuma karɓi rubutaccen bayani tare da hoton. A cire sarƙa, laya, tsabar kuɗi da rigar mai maɓallin ƙarfe, domin suna fitowa su rufe huhu. 'Yan mata na iya neman mace ta tsaya tare da su, kuma duk matar da ke zaton tana da ciki ta faɗa kafin a kunna na'ura, ko da riƙe yaro kawai aka ce ta yi.

Na uku, wanda ya fi shafarmu mu mazauna nesa da gida, shi ne ajiya. Yaronmu yau yana Ibadan, gobe an kai shi karatu Kano ko Sakkwato, jibi yana wajen kawu a Agege ko Shagamu. Kowane wuri a fara daga farko, sabon kuɗi, sabon haske. Ku samu babban ambulan ɗaya ga kowane yaro mai irin wannan lalura, a zuba hotuna da faifan siti da takardun sakamako da katin tibi, kada a naɗe su, kada a bar su a rana ko laima. A ɗauki hoton takardun a waya. In yaro zai yi tafiya, ambulan ya bi shi.

Na huɗu, hoto ba ya warkarwa. A kai yara rigakafin ƙyanda da tarin shiƙa da ciwon haƙarƙari, a fitar da murhu da janareta nesa da inda suke kwana, kada a sha taba a ɗaki. In an samu mai tibi a gida, a kai duk yaran a duba su, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, domin akwai maganin kariya da ake ba su.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya, in da hali, asusun taimakon marasa lafiya ya riƙa tunawa da yaron da likita ya rubuta wa siti iyayensa ba su da ƙarfi, domin jinkirin shekara ɗaya a irin wannan ciwo ba ƙaramar asara ba ce.

Ranka ya daɗe, iyayena da 'yan'uwana, nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma ya zo da hoton ɗansa ya same ni bayan an tashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya.